Me ya kawo jami'in hukuma kan ciwon ɗana?

Tambaya: Likita, ɗana mai wata goma ya kwanta asibiti da zazzaɓi da jijjiga. Aka ɗebi ruwan bayansa, aka ce ƙwayar nimoniya ce ta haddasa masa sanƙarau. Sai ga jami'in ƙaramar hukuma yana cike takarda a kansa. Ina ruwansu, yaron da ya yi rigakafi? Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Allah ya ƙara masa sauƙi, Hajiya. Ƙwayar nan, Streptococcus pneumoniae, tana zaune a hanci da maƙogwaron yara da yawa lafiya lau. Sai ta kutsa cikin jini ko rufin ƙwaƙwalwa take zama bala'i, musamman da hunturu, kuma ta fi tsananta wa jarirai da masu sikila.

Matsalar ita ce launinta, wato nau'inta, ya haura 90. Allurar rigakafinta mai suna PCV10 da Najeriya ta fara a ƙarshen 2014, wadda ake yi a sati 6, 10 da 14, goma kawai take tarewa, cikin waɗanda suka fi kisa. To yaron da aka yi wa allura idan ya kamu, dole a bincika: launin da allurar ba ta rufe ba ne ya fara yaɗuwa, ko allura ɗaya ce ta wuce shi, ko sanyin da ake adana allurar a cikinsa ne ya yanke a hanya? Shi ya sa jami'in zai nemi katin rigakafi. Rahotonsa na zuwa Kaduna, daga nan hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja, a haɗa da na sauran garuruwa. Ba tuhumarki ake yi ba.

Ɗiban ruwan bayan kuwa, ba shi ke gurgunta yaro ba kamar yadda ake faɗa a unguwa, ciwon ne ke yin haka. Da ido ba a bambance wannan sanƙarau da na wata ƙwaya mai suna meningococcus, wanda ya yi ɓarna a Zamfara a 2017, kuma rigakafinsu daban ne. Abin da ke ɓata mana aiki shi ne maganin kemis: yaro ya sha amoxicillin kwana biyu, ƙwayar ta ƙi tsirowa a ɗakin gwaji, ba a san launinta ba, ba a san maganin da ta daina ji ba.

Bayan an sallame ku, ki kai shi a auna jinsa, domin wannan sanƙarau yana yawan taɓa kunne. Ki kuma duba katin sauran yaran gidan.