Amsa ga Kawu a kan kuɗin kallon wasan waƙa a Landan

Kawu, Allah ya ƙara girma. Saƙonku ya iso, har sau biyu na saurare shi. Kun ga hoton jikarku a ƙofar gidan wasa, kuka tambaya ko da gaske ne mutum zai zuba kuɗin cefanen mako guda don kawai a yi masa waƙa, alhali ga rediyo nan kyauta. Da gaske ne, Kawu, kuma ni ma tsadar tana ci mini rai.

Wurin da muka je yana cikin unguwar da ake kira West End, a tsakiyar Landan, inda gidajen wasan kwaikwayo kusan 40 suke jere tsakanin Leicester Square da Covent Garden da titin Shaftesbury. Abin da ake yi a ciki ya fi kama da tashe, sai dai an ba shi gini da fitilu da albashi. Labari ake bayarwa, in magana ta kai inda baki ba zai iya ɗauka ba sai a ɓarke da waƙa. Ba faifai ake sawa ba. Makaɗa na zaune cikin wani rami a gaban dandamali da goge da sarewa da ganguna, 'yan wasa kuma da maƙogwaronsu suke rerawa, sau takwas a mako. Akwai wasan da ake yi tun 1985, wato Les Misérables, har yau bai tashi ba. Wanda muka kalla, The Lion King, yana gidan Lyceum tun 1999.

Kujera mai kyau a ƙasa, kusa da dandamali, takan haura fam 100 a manyan wasanni. Can ƙololuwar bene, inda za ka hangi 'yan wasa kamar 'yan tsana, ana samu a fam 30 ko kusa da haka. Kada ku buga shi da naira, ku auna shi da gumin mutumin nan: mafi ƙarancin ladan aiki a 2025 fam 12 ne da sule kaɗan a awa, ka ga kujera ɗaya ta cinye wunin ma'aikaci cur. Miji da mata da yara biyu, ga kuɗin jirgin ƙasa, ga abin taɓawa a hutun tsakiya, lissafi ya riga ya yi nisa. Dalilin a fili yake. Mutanen da ke bayan labule sun fi waɗanda ake gani yawa: masu ɗinki, masu haske, masu sauti, masu jan kayan dandamali, kowa da albashinsa. Gine-ginen tsofaffi ne, da yawa sun haura shekara 100, gyaransu ba ya ƙarewa. Gwamnati na karɓar harajin kashi 20 cikin ɗari a kan tikiti, kuma gidajen West End na 'yan kasuwa ne, ba a ba su tallafi kamar yadda ake ba gidan wasan ƙasa, wato National Theatre. Sannan farashi na hawa ne gwargwadon rububi, kamar ragon layya ana jajibirin Sallah.

Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin na saba da shi ba yawan kuɗin ba ne, tsarin biyan ne. A gida, a zamanin marigayi Shata, in ya sauka a gari, mai biki da sarakai da attajirai su ke biya. Su yi liƙi, su ba da riga, wani ya ba da mota. Mai tallan goro da almajiri da yaron da ya hau katanga duk sun sha kiɗa ba su ba da ko kwabo ba, mawaƙi kuma bai yi asara ba. A nan kowane kunne da kuɗinsa, kuma a bakin ƙofa ake biya tun kafin a buga ganga. Matar da ke share gidan wasan da asuba tana iya yin shekara goma ba ta ga abin da ake yi a kan dandamalin ba. Wannan ban taɓa ganin daidai ba ne, har gobe.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa, kuma a warwatse muke, sai suna ko Sallah ke haɗa mu. Akwai waɗanda ba sa taka ƙafa can sam, saboda ana sayar da giya a harabar, wasu wasannin kuma shigar 'yan wasan ba ta dace da idon yara ba. Ba mai ganin laifinsu. Mu da ke zuwa mukan bincika wasa tukuna, mu tambayi wanda ya riga mu gani. Lokacin salla ma abin dubawa ne. Wasan rana kan fara da ƙarfe biyu da rabi, a lokacin sanyi kuwa rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, sai la'asar da magariba su riske ka a kujera. Shi ya sa muke jiran watan Agusta: mu yi azahar mu shiga, mu fito la'asar na nan da sauranta. A watan ne kuma ake rangwamen da suke kira Kids Week, babba ya biya cikakken kuɗi yaro ɗaya ya shiga kyauta. Akwai kuma wata 'yar rumfa a Leicester Square mai suna TKTS da ke karyar da tikitin da ya rage na ranar.

Kuka ce me aka samu a ciki? Fitilu na mutuwa sai wata murya ta tsaga ɗakin da harshen Zulu, irin kiran da ake yi daga nesa a daji. Raƙuman dawa suka fito, mutane ne a kan dogayen sanduna, giwa kuma ta biyo ta tsakanin kujerun 'yan kallo. Jikarku ta damƙe hannuna har sai da farcenta ya bar shaida. Yarinyar da aka haifa a nan, wadda kullum a makaranta ita ce baƙuwa, ta ga mutum fiye da dubu biyu sun yi tsit saboda waƙar Afirka. A hanyar gida ta tambaye ni ko mu ma muna da irin wannan, na kwashe tafiyar jirgin ina ba ta labarin tashe da kalankuwa. Sau ɗaya muke iya zuwa a shekara, wani lokaci sai bayan biyu.

Sauran makonnin duka na rediyo ne, kuma a nan ne muka yi gadonku. Tun 1971 aka soke lasisin rediyo a ƙasar nan, talabijin kawai ake biya wa. Kowace Lahadi da rana tashar BBC Radio 2 na sa shirin wata tsohuwar 'yar wasa, Elaine Paige, wadda ta yi suna a West End tun 1978, shirin kuma yana gudana tun 2004. Waƙoƙin wasanni da na finafinai zalla take sawa, ta faɗi daga wane wasa waƙa ta fito, wa ya rubuta ta, a wane hali mai rerawar yake cikin labarin. Har gaisuwa take miƙawa ga ƙananan ƙungiyoyin wasa na ƙauyuka da makarantu, ta ambaci garinsu da ranar da za su hau dandamali. Ranar da na fara jin haka sai Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya faɗo mini, da ku zaune a zaure bayan la'asar, rediyon nan mai rigar fata a kan tabarma, ana hana mu motsi.

Yanzu haka Lahadinmu take. Mai ɗakina na kaɗa miyar kuka, rediyo na kan firiji, jikarku na bin waƙa tana wanke-wanke, ta haddace na wasannin da ba ta taɓa gani ba. In ɗaya ta kama ta sosai sai ta rubuta sunan wasan a takardar da ta manna a bango, daga nan muke zaɓen na Agusta mai zuwa. Akwai asusun gwangwani a ɗakin girki da muke jefa canji a ciki tun daga watan Satumba.

Ina roƙon alfarma ɗaya, Kawu. In azumi ya kai goma yara suka fara zagayen tashe a unguwa, a sa wani ya ɗaukar mata a waya, da sautin sosai. Ta ce tana so ta ji yadda 'yan amshi suke karɓa. A gaida su Inna da duk mutanen gida.