Tambaya da Amsa: Wai me ɓera yake yi a cikin na'urar MRI?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ga hoton ɓera an kwantar da shi cikin wata 'yar ƙaramar na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, wai binciken ciwon daji ake yi. Abin ya ɗaure min kai gaskiya, me zai hana kawai su yanka shi su duba? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ai a da haka ake yi, kuma nan gizo ke saƙa. In kin yanka ɓera yau, ƙarin da kika gani na yau ne kaɗai, mako mai zuwa sai kin yanka wani daban, shi kuma jikinsa ba na wancan ba ne. Amma da hoto, ɓera ɗaya ake sa wa maganin barci a ɗauka, a ba shi maganin da ake gwadawa, bayan sati a sake ɗauka, a haka za a ga ko ƙarin na motsewa ko ƙara girma yake, ga shi kuma dabbobin da ake kashewa sun ragu, wanda ni a wajena ba ƙaramin abu ba ne.

MRI da maganaɗisu take aiki, Paul Lauterbur ya nuna hanyar a 1973, shi da Peter Mansfield suka ci kyautar Nobel a 2003. Amma wadda ta fi burge ni ita ce PET, wata hanyar daban ta ɗaukar hoton cikin jiki. Wani sukari ake yi wa mutum allurarsa, sunansa FDG, an liƙa masa sinadari mai fitar da wani haske da ido ba ya gani sai na'ura, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan kamar minti 110. To ƙwayoyin daji mayunwata ne, sun fi saura zuƙar sukari, sai ki ga wajen ya haska ɓaro-ɓaro a allon kwamfuta. Ko cutar mantuwa ta Alzheimer, a da sai mutum ya rasu ake tabbatar da ita a ƙwaƙwalwarsa, amma a 2004 masu bincike na Pittsburgh a Amurka da Uppsala a Suwidin suka wallafa hotunan PET na dattin furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar tun suna da rai.

Sai dai fa kumburi ma yana shan sukari ya haska, shi ya sa likita kan nemi a ɗan tsakuro tsokar wajen a kai lab kafin ya ce daji ne.