Tambaya da Amsa: Jarabawar Lasisin Ma'aikatan Jin Daɗin Jama'a a Amurka Ta Sauya Fasali

Tambaya: Na kammala digiri na biyu a fannin aikin kula da jin daɗin jama'a, ina zaune a Bronx ta birnin Niyok. Na ji an ce jarabawar lasisi ta ASWB ta canza. Me aka canza, kuma littattafan da na saya sun tashi daga aiki ke nan? (Wata 'yar'uwa)

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki zubar da littattafanki. Ilimin bai canza ba, tsarin tambayarsa ne ya canza. ASWB, wato ƙungiyar hukumomin ba da lasisin wannan aiki a Amurka da Kanada, tana sake fasalin jarabawarta bayan 'yan shekaru, idan ta gama binciken abin da ma'aikata ke yi a zahiri. Tsarin da aka saba da shi tun 2018 yana da tambayoyi 170 cikin awa 4: 150 ake ba maki, 20 na gwaji ne da ba a ƙirgawa, kuma ba za ki iya bambance su ba. Sabon tsarin, wanda aka gina kan binciken 2024, yana aiki ne daga 3 ga Agusta 2026: tambayoyi 122, ana ba 110 maki, 12 na gwaji, lokaci kuma yana nan awa 4. Ranar da kika zauna jarabawar ce ke nuna tsarin da za ki tarar, ba ranar da kika yi rajista ba.

A da, kowace tambaya tana samun kusan daƙiƙa 85. Yanzu ta kusa minti 2. Amma kada wannan ya sa ki saki jiki, domin idan tambayoyi suka ragu, kowane kuskure ɗaya ya ƙara nauyi. Fannoni huɗu kuma sun koma uku: ɗa'a da ƙa'idojin aiki, nazarin halin da mutum ke ciki da tsara taimako, sai aiwatar da taimakon. Fannin yadda ɗan Adam ke girma da halayyarsa bai ɓace ba, an cusa shi ne cikin sauran. Wanda ya fi cin riba shi ne fannin ɗa'a, wanda a tsohuwar jarabawar masu digiri na biyu yake da kashi 25 cikin 100, a ta masu aikin jinyar tunani kuma kashi 19 kacal. Saboda haka ki karanta kundin ɗa'a na NASW, wato ƙungiyar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta Amurka, daga farko har ƙarshe, bugun 2021, musamman sashen sirri, izinin mai neman taimako, iyakar mu'amala da shi, da amfani da waya ko intanet a aiki.

Inda muka fi ganin mutane na faɗuwa shi ne tambayoyin da aka rubuta FIRST (na farko), NEXT (na gaba) ko BEST (mafi kyau) da manyan haruffa. A nan duk zaɓin na iya zama daidai, abin da ake nema shi ne wanne ya riga wanne. Misali: mace ta zo ta ce mijinta na dukanta, ta roƙi kada a gaya wa kowa. Zaɓi uku: a kira 'yan sanda, a tura ta gidan mafaka, ko a tantance ko tana cikin haɗari yanzu. Amsar ita ce ta uku. Baliga ce mai hankalinta, ita ke da ikon yanke shawara, kuma ba a ba da magani kafin a san ciwo. Mu da muka taso inda ake kiran magabata a yi sulhu, zuciya kan karkata ga duk zaɓin da ya ce a sanar da dangi. A wannan jarabawa, yin haka ba da izininta ba tona asiri ne. Idan kuwa yaro ne ake zargin ana cutarwa, magana ta juya: doka ta wajabta miki kai rahoto da zarar kin sami dalilin zargi, ba aikinki ba ne ki tsaya bincike sai kin tabbatar.

Duk tambayar da kika faɗi lokacin bitar karatu, ki rubuta dalili a gefe: ban sani ba, na yi saurin karatu, ko na ƙara wa labarin abin da ba a faɗa ba. Na ukun nan ya fi kama ƙwararru, domin sukan amsa da abin da ofishinsu ke yi maimakon abin da ƙa'ida ta ce. Littafin jagora na ASWB kyauta ne a shafinsu, da shi za ki fara, ki tabbatar kuma duk wani littafi ko kwas da za ki biya kuɗi a kai ya bi sabon tsarin. Ga masu jarabawar jinyar tunani, DSM-5-TR na 2022, wato littafin da ya rarraba cututtukan tunani, shi ne abin dogaro.

Tambaya: Digirina na Najeriya ne. Zan iya yin rajista kai tsaye? (Wani malami daga Ohayo)

Amsa: A'a, Malam. ASWB ba ta ba da lasisi, hukumar jiharka ce ke bayarwa, kuma a yawancin jihohi ita ce ke fara amince maka kafin ka yi rajistar jarabawa. Galibi za ta bukaci majalisar CSWE, mai tantance makarantun wannan fanni, ta duba digirinka ta ce ya yi daidai da na Amurka. Ka nemi jami'arka ta aika sakamakonka da bayanin kwasa-kwasai, har da adadin awannin da ka yi a aikin koyon sana'a. Rashin wannan shaida na yawan tsayar da takardu. Digirin nazarin zamantakewa kuma ba ɗaya yake da na wannan aiki ba. Bayan amincewa sai ka biya dala 230, ko 260 idan ta manyan matakai ce, ka zaɓi rana a cibiyar Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarabawar. Sunan da ke kan rajistarka ya zama daidai da na katin shaidarka harafi da harafi: Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa a mayar da kai gida.

Abin da mutanenmu da dama ba su sani ba: wanda Ingilishi ba harshensa na farko ba ne yana iya neman ƙarin lokaci da izinin shiga da ƙamus, idan hukumar jiharsa ta yarda. Ana nema ne kafin rajista, ba ranar jarabawa ba.

Tambaya: Na faɗi sau biyu. An ce wasu jihohi sun soke jarabawar, in jira? (Wata mai karatu)

Amsa: Ba mu ba ki shawarar jira ba. Gaskiya ne a watan Agusta 2022 ASWB ta fitar da alƙaluman da suka tayar da ƙura: a jarabawar jinyar tunani, kusan kashi 84 cikin 100 na fararen fata ne suka ci a zaman farko, baƙar fata kuma kashi 45. Jihar Illinoi ta cire jarabawa ga lasisin matakin farko tun Janairu 2022, daga baya ta buɗe wa masu neman babban lasisi da suka faɗi wata hanya ta ƙarin awa 3,000 na aiki ƙarƙashin kulawa. Sai dai irin wannan lasisi na iya maƙalewa a jihar da ta ba da shi, domin yarjejeniyar da ke ba ma'aikaci damar aiki a jihohi da yawa tana bukatar cin jarabawar ƙasa baki ɗaya, wato irin ta ASWB. Ƙa'idar ASWB ta ce a jira kwana 90 tsakanin zama da zama, amma idan tazarar da kika faɗi da ita ba ta wuce amsoshi 10 ba, kina iya neman a ɗage miki, muddin hukumarku ta amince. Ki ɗauko takardar sakamakonki ta ƙarshe, tana nuna makinki a kowane fanni; fannin da ya fi ƙasa shi za ki ba rabin lokacin karatunki.