Manzanita na bushewa duk da ban ruwa

Malama, kin ce manzanitar da kika dasa a gidanki na Kalifoniya tana bushewa, alhali kullum kina ba ta ruwa. To, ruwan ne ke kashe ta. Shukar jejin Kalifoniya ce, inda ruwan sama ke sauka lokacin sanyi, watannin zafi kuwa ba ko ɗigo. Danshi cikin ƙasa mai zafi yana ruɓar da saiwarta.

Tona gindinta kaɗan. In saiwar ta yi baƙi ta yi laushi, da wuya ta farfaɗo. Ki dasa sabuwa wajen Nuwamba, a tudu mai tsakuwa, ba taki, ruwa jefi-jefi har ta kama. Jan ɓawon da ke saɓulewa ɗabi'arta ce, kar ya dame ki. In rassa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ki kai samfuri wurin Master Gardeners na yankinku, wato masu aikin sa kai da ke ba da shawara kan lambu.