Kun Tambaya: Ichiro Suzuki da Sirrin Bugu 262 a Kaka Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan cin karo da sunan Ichiro idan ana maganar wasan besbol, wai shi ɗan bayan fili ne. Wane ne shi, kuma mene ne aikin nasa?

Wa alaikumus salam. Filin besbol yana da zango huɗu, na huɗun shi ake kira gida, kuma tsakanin kowane zango da na gabansa mita 27.4 ne. Ƙungiyar da ke tsaro tana baza mutum tara. Shida suna kusa da zangunan, uku kuma suna can baya cikin ciyawa kusa da katanga: na hagu, na tsakiya da na dama. Waɗannan ukun su ne 'yan bayan fili. Aikinsu su cafe ƙwallon da aka buga sama kafin ta taɓa ƙasa, ko su tsince ta su jefo kafin mai gudu ya ƙara zango. Ichiro Suzuki ya yi yawancin wasansa a dama.

An haife shi ranar 22 ga Oktoba 1973 a lardin Aichi na Japan. Ya fara da ƙungiyar Orix BlueWave a 1992, amma sai da ya sha zaman jira, don kocinsa na lokacin bai yarda da salon bugunsa ba. Da Akira Ogi ya karɓi ƙungiyar a 1994 sai ya sakar masa mara, har ya sa aka rubuta "Ichiro" a bayan rigarsa maimakon Suzuki. A shekarar ya yi bugu 210 a wasa 130, kuma kaka bakwai a jere babu wanda ya fi shi iya bugu a gasarsu. A 2001 ya koma Seattle Mariners ta Amurka yana da shekara 27, ya kwashe kambin sabon ɗan wasa da na gwarzon gasa a kaka guda.

Tambaya: Malam, na ga hotonsa, siriri ne. Ta yaya mutum irin wannan ya kafa tarihin yawan bugu?

Sai mun fara da abin da ake ƙirgawa. Ba duk taɓa ƙwallo da kulki ake rubuta wa mutum ba, sai wanda ya kai shi zango na ɗaya lafiya ba tare da kuskuren masu tsaro ba. A 2004 Ichiro ya yi irin wannan 262 cikin tsayuwar bugu 704, wato kashi 37.2 cikin ɗari, alhali wanda ya kai kashi 30 ma ana yi masa kirari. Ya karya tarihin George Sisler na 257 da ke nan tun 1920. Sau 8 kacal ya tsallakar da ƙwallo katanga a kakar, 225 kuwa bugun zango ɗaya ne. Ke nan ba ƙarfi ba ne.

Lissafin daƙiƙa ne. Da dama yake jifa, amma daga ɓangaren hagu yake bugu, ɓangaren da ya fi kusa da zango na ɗaya, kuma juyin jikin mai bugun hagu can yake tura shi. Matsakaicin mai bugun hagu yana isa zangon cikin kusan daƙiƙa 4.2. Ichiro a ganiyarsa bai cika kai 4 ba, domin kulki na taɓa ƙwallo ƙafarsa ta riga ta kama hanya. Sai ya doka ƙwallon ƙasa ta yi tsalle tsakanin masu tsaro. Kafin a tsinta a jefa ya wuce. Masu tsaro suka fara matsowa don rage tazara, shi kuma ya riƙa ɗaga musu ita ta saman kai.

Masu kwaikwayonsa a wuri ɗaya suke faɗuwa. Sun ga jikinsa yana zamewa gaba, ba su lura hannayensa suna nan a baya ba har sai ƙwallo ta iso. Idan hannu ya bi jiki, mai jifa zai aiko da ƙwallo mai sanyi, kulki ya riga ta wucewa, a tashi da iska ko da bugu marar rai. Shi kansa da ya je Amurka ya rage lilon ƙafar da aka san shi da shi a Japan, saboda jifar can ta fi sauri, kuma tazarar mai jifa da mai bugu mita 18.44 ce kawai.

Tambaya: Me ya sa ake cewa na dama ne ya fi buƙatar ƙarfin jifa?

Don shi ne ya fi nisa da zango na uku. Mai gudu da ke zango na ɗaya, idan aka buga ƙwallo dama, yakan yi ƙoƙarin zarcewa na uku. Haka Terrence Long na Oakland ya gwada ranar 11 ga Afrilu 2001, Ichiro bai fi kwana goma da fara wasa a Amurka ba. Jifar ta tafi a miƙe har safar hannun David Bell, abokin wasansa mai tsaron zango na uku, aka fitar da Long. Daga ranar masu gudu suka shiga taitayinsu.

Jifar tana da tsari. Ka tari ƙwallo da gudu, kada ka jira ta. Ka tsince ta a gefen ƙafar da ke ɓangaren safarka, ka yi ɗan tsalle ɗaya don ƙafar baya ta kafu, kafaɗa tana kallon inda za ka jefa. Yatsu biyu su gitta ɗinkin ƙwallon, hannu ya zo ta sama. Wanda ya jefa ta gefe zai ga ƙwallo ta karkace a hanya. Sannan a auna daidai kan abokin wasa da ya fito tsakiya don tarewa, ko da ƙwallon za ta yi tsalle ɗaya kafin ta isa. Babban kuskure shi ne cilla ta sama don burgewa: ta daɗe a iska, ta wuce mai tarewa, wanda ya yi bugun kuma ya ci zango na biyu a banza. Ichiro ya karɓi lambar Safar Zinare, wadda ake ba wa gwanayen tsaro, shekara goma a jere, 2001 zuwa 2010.

Tambaya: Shin gaskiya ne ya wuce Pete Rose, wanda ya fi kowa yawan bugu a tarihin gasar Amurka?

Ya danganta da abin da ka haɗa. Rose yana da bugu 4,256, duka a babbar gasar Amurka. Ichiro yana da 3,089 a Amurka da 1,278 a Japan, jimla 4,367. A littafin gasar Amurka tarihin na Rose ne, kuma a ganinmu haka ya dace, tunda gasannin biyu ne daban. Sai dai masu raina adadin Japan su tuna kakar can ta fi gajarta: wasa 130 zuwa 135 a zamaninsa, Amurka kuwa 162. Mutumin da ya fara ƙirga daga sifili yana ɗan 27, ya kuma cika 3,000 a Agustan 2016 da rigar Miami Marlins, ba ya buƙatar a ara masa komai. Sukar da ta fi tushe ita ce bai cika haƙurin barin mummunar jifa ta wuce don a ba shi zango kyauta ba, abin da ya rage yawan isarsa zango idan aka kwatanta da yawan bugunsa.

Tambaya: Ya taɓa cin kofin ƙarshe na Amurka?

Bai ma buga wasan ƙarshen ba. Mariners ta ci wasa 116 a 2001, New York Yankees ta fitar da ita a matakin kusa da ƙarshe. A 2012 yana Yankees ɗin aka sake tsayar da shi a matakin. Kofunansa da ƙungiyoyin gida ya ci su: gasar Japan da Orix a 1996, da gasar ƙasashen duniya ta World Baseball Classic da tawagar Japan a 2006 da 2009, inda a wasan ƙarshe na 2009 bugunsa a zagaye na goma ya raba gardama da Koriya ta Kudu. Ya yi ritaya a Tokyo ranar 21 ga Maris 2019 yana da shekara 45. A 2025 aka zaɓe shi shiga Zauren Gwarazan besbol na Cooperstown a Amurka, ɗan Japan na farko, da ƙuri'a 393 cikin 394.