Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan makomar 'yarta a gasar pumse

Assalamu alaikum Hajiya. Na karanta tambayarki game da 'yarki mai shekara 11 da ta shekara biyu tana koyon takwando, wadda kika ce ba ta son ɓangaren faɗa amma tana matuƙar son pumse, kuma kina neman sanin ko wannan fanni yana da makoma a gasa, ko kuwa share fage ne kawai kafin a shiga faɗa. Ni ba mai horarwa ba ne, uba ne wanda 'yarsa ta shafe shekara tara a wannan fanni, kuma daga abin da na gani da idona a gefen tabarmar gasa zan ba ki amsa.

Pumse wasa ne mai cin gashin kansa. Jerin motsi ne tsararre na tsayuwa da tarewa da naushi da shuri, wanda ɗan wasa yake yi kamar yana fuskantar abokan karawa ta kowace kusurwa, alhali ba kowa a gabansa. An yi gasarsa ta duniya ta farko a birnin Seoul na Koriya ta Kudu a 2006, kuma ya shiga gasar wasannin nahiyar Asiya a 2018 a Jakarta, inda Defia Rosmaniar ta Indonesiya ta ci zinare a rukunin mata sanye da hijabinta. Sai dai akwai abin da ya kamata yarinya ta sani tun yanzu: a gasar Olamfik ɓangaren faɗa ne ake bai wa lambobi tun daga 2000. Tagullar da Chika Chukwumerije ya kawo wa Najeriya daga Beijing a 2008, da azurfar da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo wa Nijar daga Rio a 2016, duk a faɗa aka same su. Wannan ne ya sa masu horarwa da yawa a nan suke tura duk yaron da ya nuna hazaƙa zuwa faɗa, su mayar da pumse abin da ake haddacewa mako biyu kafin jarrabawar ɗamara.

A nan ne muka yi kuskuren da nake so ki kauce masa. A wurin horon da muka fara, ana ɗaga yara daga ɗamara zuwa ɗamara da sauri, ni kuma ina murna domin ina ganin launin ɗamarar 'yata yana canzawa kowane 'yan watanni. Ta haddace jerin Taegeuk guda takwas, wato jerin pumse da ake koya kafin baƙar ɗamara, kaf kafin ta cika shekara 12, har na ɗauka ta gama shiri. Da muka je gasarta ta farko ba ta manta ko motsi ɗaya ba, amma ta tashi kusan ta ƙarshe. Wani alƙali da ya ga hawayenta ya kira ni gefe ya yi mini bayanin da da na ji shi tun farko, da mun tsira da shekara guda da rabi na gyara.

Maki goma ne gaba ɗaya, huɗu na daidaiton motsi, shida na yadda aka gabatar da shi, wato ƙarfi da sauri, da tafiyar motsi tsakanin hanzari da natsuwa, da kuzarin da ke bayyana a jiki da ido. A ɓangaren daidaito da maki huɗu cif ake farawa, sannan a riƙa zaftarewa: ƙaramin kuskure 0.1, babba 0.3. Ƙafar baya da ta karkace kaɗan, hannun da ya tsaya sama ko ƙasa da inda ya kamata, ɗan rangaji bayan shuri, kowanne 0.1 ne, kuma duk lokacin da aka maimaita shi sai an sake zaftarewa. Manta ihun da ake yi a wurinsa, ko tsayawa na daƙiƙa uku ana tunanin abin da ke gaba, 0.3 ne. 'Yata tana da aibi guda a tsayuwar da ake ɗora mafi yawan nauyi a ƙafar baya, sai ga shi jerin da ya faɗo mata cike yake da ita, don haka aibi ɗaya ya ci ta sau da yawa cikin abin da bai kai minti biyu ba.

Mun koma wurin wani mai horarwa da ya yi kwas na alƙalanci, shi kuwa ya mayar da ita jerin farko mai motsi 18, ya hana ta taɓa komai sama da shi har tsawon wata huɗu. Ya shata layi da alli a ƙasa, yana auna tazarar ƙafafunta, yana ɗaukarta a waya ta gaba da ta gefe, su zauna su duba tare. Ta yi kuka, ta ce an mayar da ita ajin yara, ni kaina na yi ta shakka. Amma gyaran tsayuwar da jiki ya riga ya saba da ita ya fi koyon sabuwa wuya nesa ba kusa ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa nake ganin shekarun 'yarki na yanzu sun fi duk waɗanda za su biyo baya muhimmanci, kuma tambayar da za ki yi wa mai horar da ita ita ce ko ya san yadda alƙalai suke zaftare maki, ba yaushe za ta sami baƙar ɗamara ba.

Game da matakai, rukunin ƙanana daga shekara 12 ne zuwa 14, na matasa daga 15 zuwa 17, sannan na manya daga 18, kuma da shekarar haihuwa ake lissafi, ba da wata ba. Wanda bai kai 15 ba, maimakon baƙar ɗamara matakin pum ake ba shi, mai ɗamara rabi ja rabi baƙi, kuma takardar shaidar Kukkiwon, hedikwatar takwando da ke Seoul, ita ake nema idan za a fita gasar ƙasa da ƙasa, saboda haka ki tabbatar takardar da za ku biya wa kuɗi ta can ce. Ana yin gasar ɗaiɗai, da ta mutum biyu, da ta uku, akwai kuma salon da ɗan wasa yake tsara motsinsa da kansa tare da kiɗa, wanda ke buƙatar tsalle da alkafura.

Lokacin da ya fi ba mu wahala shi ne shekara 14, sa'ad da ta yi tsawo farat ɗaya. A jerin Keumgang akwai tsayuwa da ƙafa ɗaya irin ta zalɓe, ana ɗaga hannu ɗaya ana sauke ɗayan a hankali ƙwarai, kuma yarinyar da a da take tsayawa kamar an kafa ta sai ta koma tana rangaji. Makinta ya faɗi har kusan shekara guda, 'yan matan da take kayarwa suka wuce ta, kuma a wannan tsakanin ne na ga ƙawayenta da dama sun daina zuwa. Abin da ya taimake ta shi ne rage yawan gasa, da ƙara atisayen ƙarfafa ƙugu da gwiwa da idon sawu, domin masu pumse ba sa shan duka amma maimaita shurin gefe sau ɗaruruwa yana gajiyar da ƙugu sosai. Duk ciwon da ya wuce kwana uku bai lafa ba, likita muke kai ta, ba ma jira. Lambarta ta farko a gasar ƙasa ta zo ne tana da shekara 16, da jerin Koryo, wanda kusan farkonsa shurin gefe biyu ne a jere, kuma shurin da ta ci da shi ɗin shi ne wanda ta shekara biyu tana riƙe bango tana maimaitawa kowace safiya.

Maganar kuɗi kuwa, kusan duk tafiye-tafiye da rajista da kayan gasa daga aljihuna suka fito, don haka muka tsayar da gasa biyu ko uku kacal a shekara, a shekarar jarrabawar WAEC kuma guda ɗaya ta je. Yanzu tana jami'a, tana gasa a rukunin manya, tana kuma shirin yin kwas na alƙalanci. Idan za ki iya ɗaukar 'yarki a waya tana yin jerin farko, sau ɗaya ta gaba sau ɗaya ta gefe, ta yadda ƙafafunta za su fito sarai, tawa ta ce za ta duba ta nuna muku inda ya kamata a fara gyara. Allah ya yi wa yarinya albarka.