Akushi a Gidan Abinci: Me Ya Sa Nawa Suke Tsagewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan abinci a Kano, muna sayar da tuwo da miyar kuka, dambu da fate. Na sayo akusa 30 da koshiyoyi don masu cin abinci su ji daɗin na gargajiya. Ba a yi wata uku ba, bakwai sun tsage, wasu kuma warin daddawa ya ƙi fita. Laifin iccen ne ko na masu wanke-wanke? Wani ma ya ce mini icce yana tara ƙwayoyin cuta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki karaya, shawarar da kika yanke mai kyau ce. Tuwo a akushi yana daɗewa da ɗuminsa, kuma ba ya ƙona hannun mai ɗauka kamar kwanon silba.

Bari in fara da maganar cuta, don ita ce mai nauyi. A shekarar 1994 masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ciki har da Dean Cliver, sun gwada katakon yanka nama da na roba, suka ga ƙwayoyin cutar da aka zuba wa katako mai tsabta suna raguwa ƙwarai a samansa. Dokar abinci ta Amurka ma ta yarda da icce mai tauri, marar manyan ƙofofi, a irin waɗannan kayan. To amma fa wannan magana ce ta lafiyayyen icce busasshe. Da zarar akushi ya tsage, miya ta sami maɓoya inda soso ba ya kaiwa. Nan haɗarin yake.

Tsagewar kuwa, ina kyautata zaton daga wajen wanke-wanke take. Ki leƙa bayan kicin ɗinki da la'asar, za ki tarar an tsoma akusan cikin baho tare da kwanuka da cokula, sun sha ruwa awa guda ko fiye, sannan a kife su a rana. Icce yana kumbura idan ya sha ruwa, yana motsewa idan ya bushe. Bayansa ya bushe da sauri, cikinsa da sauran danshi, sai ya ce ƙas. In kuma lokacin hunturu ne, iskar kaɗai ta isa. A gida akushi sau ɗaya ko biyu yake ganin ruwa a yini, a wajenki yana iya gani sau shida. Shi ya sa nake ba masu gidan abinci shawara su sayi ninki biyu na abin da suke buƙata, rabi na aiki rabi na hutawa. Wannan ya fi kowane mai da za ki shafa amfani.

Ki ware wa akusan yaro guda. Ana dawo da akushi a kwashe saura, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi, ban da soson ƙarfe, a ɗauraye, a goge da tsumma nan take. A jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a jera wani cikin wani da danshi, musamman da damina, don fumfuna ba ta jira. Warin daddawa kuma, a barbaɗa gishiri, a dirje da ɓarin lemun tsami, a ɗauraye.

Duk sati biyu, ko duk lokacin da kika ga iccen ya yi furu-furu, a narkar da man kaɗe a shafa ciki da waje, a bar shi ya kwana, da safe a goge. In kin sami kakin zuma ki haɗa kaɗan. Man gyaɗa da man ja ki bar su a tukunya, suna yin ɗanko da warin tsufa a jikin icce.

Idan za ki koma Kasuwar Kurmi ƙaro wasu, ki tambayi mai kayan wane icce ne. Kirya da marke suna da tauri sosai, rimi kuwa laushi gare shi, yana shan miya. Ki ƙwanƙwasa da yatsa: busasshe yana amsawa rau, ɗanye kuma dum, ga nauyi da sanyi a hannu. Ki ɗaga shi a haske ki duba gindi da baki, ko akwai siririn layi ko ƙananan huji masu zubar da gari. Ki shafa cikin da tafin hannu, in gizago ya bar kwari-kwari a sa samfefa. Sannan ki jiƙa farin ƙyalle ki goga sosai. In launi ya biyo shi, ko kika ji warin fenti, na ado ne, ba na tuwo ba.

Bakwai ɗin nan da suka tsage, don Allah kada ki bari a liƙe su da gam. Ki cire su daga layin abinci yau, ki zuba dabino ko alewa mai leda ki ajiye a teburin karɓar kuɗi.